Takardar Da Yaya Ya Shigar

Sana'ata cike wa mutane fom a kwamfuta, a wani ɗan shago a Kano: na jarrabawa, na neman aiki, na biza. A fom ɗin bizar ziyarar Amurka, DS-160, akwai tambayar da idan na iso kanta sai na ɗaga hannu na juyo na kalli mai fom: ko wani ya taɓa shigar maka da takardar neman zama na dindindin? Sai ka ji an ce, "Af, Yaya ya taɓa shigar mini, amma ai an daɗe." Ita kuwa takardar tana nan da ranta, kuma jami'in biza zai gan ta kafin mai ita ya buɗe baki. Da na bi diddigin abin, sai na tarar dokoki ne na zamani daban-daban suka haɗu a kan mutum ɗaya.

Tun 1924 Amurka ta raba baƙi gida biyu, masu zuwa su zauna da masu zuwa su koma, ta ɗora wa ofisoshin jakadancinta tantance su tun kafin su hau jirgin ruwa. A 1952 aka tattara dokokin cikin dokar McCarran-Walter. Shugaba Truman ya ƙi amincewa da ita, majalisa ta tsallake shi ta tabbatar. A cikinta ne sashe na 214(b) yake, wanda duk wanda aka taɓa miƙo wa takardar ƙi ya san lambarsa: kowane mai neman bizar ziyara ana ɗaukarsa mai niyyar zama ne, har sai ya gamsar da jami'i cewa zai dawo gida. A kotun alƙali mai ƙara ne ke kawo shaidu. A nan wanda ake zargi ne zai wanke kansa, cikin 'yan mintoci, ta bayan gilashi.

Sai 3 ga Oktoba 1965, ranar da Shugaba Johnson ya sa hannu kan dokar Hart-Celler a gindin gunkin 'yanci na New York. Ta soke rabon da ya fifita 'yan arewacin Turai, ta ba dangantaka kusan kashi uku cikin huɗu na guraben. Abin dariyar shi ne, ɗan majalisar da ya dage a fifita iyali, Michael Feighan na Ohayo, ya yi haka ne da zaton tunda Turawa suka fi yawa a ƙasar, danginsu za su cike guraben. Lissafin bai fita ba. Turai ta murmure daga yaƙi, mutanenta suka rage fita, masu neman suka zama 'yan Asiya da Latin Amurka, daga baya 'yan Afirka. Dokar ta ƙayyade wa kowace ƙasa da ke wajen nahiyar Amurka biza 20,000 a shekara, a 1976 aka faɗaɗa wannan har kan Meziko, layi ya fara tsawo.

Adadin da ake aiki da shi yau na dokar 1990 ne. Dangi masu bin layi suna da gurbi 226,000 a shekara, daga ciki 65,000 na 'yan'uwan ɗan ƙasa ne, yayye da ƙanne na duniya baki ɗaya, kuma babu ƙasar da za ta wuce kashi 7 cikin ɗari. Fiye da shekara 30 ke nan ba a ƙara ko gurbi ɗaya ba. Matar ɗan ƙasa da iyayensa da ƙananan 'ya'yansa ba sa cikin wannan lissafi, shi ya sa aka sha ganin Hajiya ta tafi wurin ɗanta a Bronx cikin shekara biyu ko uku, ƙanwarsa kuma tana nan. Ranar da aka karɓi fom ɗinta na I-130 ita ce lambarta a layi, kowane wata ma'aikatar harkokin waje ta fitar da jadawali ta nuna inda aka kai. Layin 'yan'uwa ya haura shekara 15 ga yawancin ƙasashe, na Meziko ya haura 20. Masu jira sun kusa miliyan 4. Cikin waɗannan shekaru 'ya'yan da aka sa a takarda suna iya cika 21 su fita daga ciki, ko da yake dokar 2002 ta ɗan sassauta wannan. Idan wanda ya shigar ya rasu, takardar kan mutu tare da shi.

To, a nan ne dokar 1952 ta tari ta 1965. Babu wani sashe da ya ce mai takarda a layi ba zai sami bizar ziyara ba, kuma wasu sun sha samu. Amma ka ɗauki malamar makaranta mai miji da 'ya'ya a nan, tana so ta je bikin 'yar yayanta ta dawo bayan mako uku. Ana tambayarta ko tana da niyyar zama, alhali ga takarda da sunanta tana cewa tana da ita, ko da sai nan da shekara 12 ne. Niyyar gobe da niyyar bayan shekara 12 ba ɗaya ba ne, sai dai bambance su yana hannun jami'i shi kaɗai. Idan ya ƙi, babu ɗaukaka ƙara, kotunan Amurka sun daɗe da cewa ba sa taɓa hukuncin jami'in biza. Sai dai a sake biyan dala 185 a sake layi.

Wasu sukan ce, "Malam, danna a'a kawai." Ba na dannawa. Takardar tana cikin na'urarsu, kuma ƙarya a fom tana jawo haramcin shiga na har abada, ta kashe layin da aka yi shekaru ana bi. Wasu kuma tun farko sukan roƙi yayansu kada ya shigar musu, don su ci gaba da zuwa suna dawowa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne majalisar ta san maganin. A waccan doka ta 1990 ta yarda ƙwararrun ma'aikata masu bizar H-1B da L su riƙe niyya biyu a lokaci guda, su zo na ɗan lokaci suna kuma neman zama, ba a riƙe su da laifi ba. Injiniyan kamfani ya sami wannan rangwame, ƙanwar ɗan ƙasa ba ta samu ba. Sau ɗaya aka kusa yi wa iyali haka. A Disamba 2000 dokar LIFE ta ƙirƙiro bizar V, don mata da mazaje da ƙananan 'ya'yan masu katin zama da suka yi shekara uku suna jira su shiga su ƙarasa jiran tare da iyalinsu. Sharaɗinta shi ne a ce an shigar da takardar kafin 21 ga Disamba 2000 ta wuce. Ba a taɓa matsar da wannan rana ba, don haka bizar tana nan a littafin doka, amma kusan babu sauran wanda ya cancance ta.