Tarihin Sa Barci da Kashe Raɗaɗi a Tiyatar Hana Kyanwoyi Haihuwa

Tiyatar hana kyanwoyi haihuwa iri biyu ce: dandaƙa, wato cire 'ya'yan marainan muzuru, da kuma buɗe cikin macen a cire ƙwayayen haihuwa, sau da yawa har da mahaifa. Tarihin wannan aiki a Turai da Amurka ya nuna cewa likitocin dabbobi sun daɗe da iya hana kyanwa motsi a kan tebur kafin su koyi yadda za su raba ta da raɗaɗin da ke biyo bayan wuƙa.

Ko da yake William Morton ya nuna amfanin itar, ruwan da tururinsa ke gusar da hankali, a birnin Boston a 1846, James Simpson kuma ya fara aiki da kulorofom a Edinbara a 1847, muzuru bai ci moriyar wannan ci gaba da wuri ba. Har farkon ƙarni na 20 an saba naɗe shi cikin bargo, ko a cusa kansa cikin dogon takalmi, a dandaƙe shi idonsa biyu, domin ana ganin aikin bai kai a ɓata magani ba, kulorofom kuma yakan halaka ƙananan dabbobi. A Birtaniya, Frederick Hobday ya wallafa littafi kan sa dabbobi barci a 1915, sai dai doka ce ta karya tsohuwar al'adar, musamman gyaran da majalisa ta yi a 1964, wanda ya haramta dandaƙe kare ko muzuru ba tare da magani ba komai ƙanƙantar shekarunsa.

Magungunan allura sun sauƙaƙa aikin. A shekarun 1930 aka fara amfani da dangin babicuret, waɗanda ke sa barci mai nauyi amma ba sa kashe zafi, kuma dabbar takan daɗe ba ta farfaɗo ba. A 1962 Calvin Stevens ya haɗa wa kamfanin Parke-Davis ketamin, kamfanin Bayer na Jamus kuma ya samar da zailazin a wannan shekara. Ketamin ya karɓu ƙwarai domin ana iya yin allurarsa a tsoka ba sai an nemi jijiya ba, amma da yake yana barin idanu a buɗe, jiki kuma a sandare, sai aka riƙa haɗa shi da zailazin don tsoka ta saki, daga baya kuma da medetomidin, wanda ke da makarin da ake yi wa dabba ta farka da wuri.

Kashe raɗaɗi kuwa ya makara saboda dalilai uku. Na farko, tsofaffin gwaje-gwajen da aka ɗura wa kyanwoyi mofin fiye da kima sun sa su yin kamar mahaukata, likitoci suka ɗauka dangin wannan magani ba su dace da kyanwa ba, alhali yawan adadin ne matsalar. Na biyu, hantar kyanwa tana da ƙarancin sinadarin da ke sarrafa wasu magunguna, shi ya sa farasitamol ke iya kashe ta. Na uku, kyanwa takan ɓoye ciwo, ta takure wuri ɗaya shiru, a ɗauka ta samu sauƙi. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 1999 ya nuna cewa mafi yawan kyanwoyin da aka yi wa wannan tiyata ba a ba su maganin raɗaɗi ba.

Lamarin ya sauya ne da aka samo hanyar auna ciwon. Masu bincike a Botucatu ta ƙasar Burazil sun tsara ma'auni bisa halayen kyanwoyin da aka cire wa mahaifa, sannan a 2019 jami'ar Montreal ta Kanada ta fitar da wani wanda ke duba kunnuwa, idanu, baki, gashin baki da yadda kai yake. A yau ƙa'idar aiki ita ce a ba da magani tun kafin yanka, a haɗa iri daban-daban kamar bufirenofin ko metadon da meloksikam da allurar kashe wuri, domin kowanne ya tare zafin ta hanyarsa, kuma ba a ɗaukar tiyatar ta kammala sai an duba kyanwar bayan ta farka an tabbatar ba ta cikin raɗaɗi.