Mutum Na Shida A Fili: Tarihin Dokar Canji A Ƙwallon Kwando



Duk wanda ya tashi a Gwarzo ko Kabo ya san ƙwallon yamma a filin makaranta. Bayan la'asar mu rabu gida biyu, wanda ya makara ya tsaya a bakin fili ya tambayi ɓangaren da ba su cika ba, ya faɗa ciki. Ba mai ƙirga mu. Sai an zura wa wani ɓangare ƙwallo sannan ake jin "ai kun fi mu yawa!", a tsayar da wasa a hau lissafi da musu. Wannan musun ba mu kaɗai ya dama ba. Wasan ƙwallon kwando ya haura shekara ɗari yana gyaran dokarsa a kansa, kuma tarihin wannan gyara za mu bi yau.

A watan Disamba na 1891 ne James Naismith, wani malamin motsa jiki ɗan asalin Kanada, ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield na jihar Massachusetts a Amurka. Ɗalibansa 18 ne, sai ya raba su tara-tara. Dokoki 13 da ya rubuta ba su yanke adadin 'yan wasa ba. Wuri ɗaya suka ambaci canji, shi ma hani ne: wanda ya yi keta da niyyar ji wa wani ciwo za a kore shi har ƙarshen wasa, kuma ba mai maye gurbinsa. Sai wajen 1897 aka tsaya a kan mutum biyar-biyar.

Ko da canji ya samu shiga, a takure ya zo. Wanda aka fitar ya fita ke nan. A 1921 aka yarda ya dawo sau ɗaya, a 1934 sau biyu, a 1945 aka cire iyakar gaba ɗaya. Mu da muka saba da gidan kallon ƙwallon ƙafa sai mu kwatanta: sai a 1970 aka fara canji a gasar cin kofin duniya, mutum biyu kacal, kuma ko yanzu da ake canza biyar, a manyan gasanni wanda ya fita ba ya dawowa. A ƙwallon kwando kuwa ɗan wasa ɗaya yana iya shiga da fita sau goma a dare guda. Daga nan matsalar mutum na shida ta samu gindin zama, domin ƙofar da ake yawan buɗewa ita ce ake mantawa ba a rufe ba.

Shi ya sa aka ɗora nauyin a kan tebur. Wanda ya samu shiga Kano, ya leƙa rufaffen ɗakin wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ke wasa, ya ɗan kawar da ido daga kwandon ya dubi teburin da ke tsakanin bencin ƙungiyoyin biyu. A dokar hukumar FIBA, wadda aka kafa a Janeba a 1932 kuma ita Najeriya ke bi, ɗan wasan da zai shiga shi da kansa yake zuwa teburin ya nemi canji. Zai jira har wasa ya tsaya, agogo ya tsaya, tebur ya yi ƙara. Duk da haka ba zai taka layi ba sai alƙali ya yafito shi. Wanda aka cire kuma ba ya komawa sai agogo ya sake tafiya wasa ya sake tsayawa. Idan aka tarar da mutum shida a fili, kocinsu ake rubuta wa laifin, a ba abokan hamayya jifa ɗaya daga layi.

To, duk da wannan tsari, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 30 ga Disamba 2008, a gasar NBA ta Amurka, Portland na karɓar baƙuncin Boston Celtics. Gab da hutun rabin lokaci, bayan ɗan tsaikon da koci ya nema, Portland suka dawo fili su shida. Alƙalai uku ba wanda ya lura har Travis Outlaw ya zura ƙwallo a kwando. 'Yan Boston suka yi ca. Aka ba su jifa ɗaya, amma makin Portland biyu suka zauna daram, domin dokar lokacin ba ta ba alƙali ikon soke su ba. Wato mai laifi ya ci biyu, wanda aka cuta ya samu ɗaya. Portland ta ci wasan 91 da 86. A watan Maris na 2009 NBA ta gyara dokar, ta ba ɓangaren da aka cuta zaɓin a soke abin da ya gudana a mayar da agogo baya.

Akwai kuma ranar da yawa ya haifi ƙaranci. Ranar 25 ga Nuwamba 2017, a wasan jami'o'in Amurka tsakanin Alabama da Minnesota, hatsaniya ta kaure, 'yan bencin Alabama suka kwararo fili ba wanda ya kira su. Alƙalai suka kore su duka. Cikin biyar ɗin da suka rage, ɗaya ya cika laifuffukansa ya fita, ɗaya ya gurɗe a ƙafa. Mutum uku suka fuskanci biyar na kusan minti goma. Collin Sexton ya ci maki 40 a daren, amma Alabama ta sha kaye 89 da 84.

Me ya haɗa mu da duk wannan? Ba nisa ne da mu ba. A Zariya Masai Ujiri ya tashi ya fara wasan, shi ne kuma ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019. Yaron Getso ko Garo da Allah ya hore wa tsawo yana iya samun kansa a gwajin 'yan wasa a Kano. Idan can ne zai fara jin cewa ba a faɗawa fili sai an yafito ka, ya jawo wa ƙungiyarsa asarar maki tun bai taɓa ƙwallo ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. A wasan makarantunmu, a ajiye benci ɗaya a bakin fili, a zaunar da malami ko babban ɗalibi da takarda da biro. Duk mai shiga ya biyo ta gabansa, a rubuta wa ya shiga, wa ya fita. Kafin alƙali ya miƙa ƙwallo bayan kowane tsaiko, ya ɗaga ido ya ƙirga: biyar nan, biyar can.