Bam Ya Mutu ko Ya Ƙi Tashi? Tarihin Wasu Kalmomin Soja a Ƙasar Zuru

Ƙasar Zuru ta yi suna wajen aikin soja. Mazajenta sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, sun kuma yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Tare da lambobin yabo, sun dawo mana da kalmomi. A nan zan duba waɗanda ake faɗi game da makamin da aka harba bai fashe ba.

Tsofaffin kalmomin daga Larabci Hausa ta aro su: bindiga, albarushi da harsashi. Bam da gurneti kuwa daga Turanci suka shigo ta barikin soja. A zamanin bindigar toka, idan albarushi ya sha danshin damina, maharbi ya ja kunama bai ji ƙara ba, sai a ce bindiga ta ƙi tashi. Idan abokin gaba aka auna, wasu su ce asiri ne ya ɗaure ta. Ta zamani kuwa, in harsashi ya maƙale, cewa ake yi ta cije.

Da bam ya zo, sai jama'a suka ƙara wata kalma, suka ce bam ya mutu. Tsofaffin sojan da na taso na tarar a Manga ba su yarda da wannan ba. A wurinsu bam ba ya mutuwa, kwanciya yake yi. Dalilinsu a fili yake: abin da ya kasa aiki shi ne ɗan makunnin da ke bakinsa, amma nakiyar da ke ciki tana nan da ranta. Tsatsa ma ƙara masa saurin fushi take yi, bugu kaɗan ko zafin wuta ya isa ya tashe shi.

Tarihi ya gaskata su. Rumbun makamai na barikin Ikeja ya fashe ranar 27 ga Janairu, 2002, mutane fiye da 1,000 suka rasu, amma har a 2023 sojoji na tono ragowar bama-baman. A Jamus, a Yunin 2025, an kwashe mutane kimanin 20,000 daga birnin Kolon saboda bama-baman da aka jefa shekara 80 da suka wuce. A cikin wannan watan ne kuma wani makamin soja da ya biyo tarkacen ƙarafa ya fashe a Kano, ya kashe mutum 5.

Tun da rikicin 'yan bindiga ya taɓa masarautar Zuru, zancen ya iso gonakinmu. Yaron da ya ji an ce bam ya mutu zai ɗauka ya kai wa 'yan gwangwan. Saboda haka ina roƙon malaman makaranta da dattawa su riƙe kalmar maharba, su ce ya ƙi tashi, domin wanda ya ƙi yau yana iya yarda gobe. Wanda ya ga irin wannan ƙarfe kada ya taɓa, ya sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro.