Yaron da Allo Ya Yi wa Nauyi

A zamanin kakanninmu, a ƙasar Yandaka ta Dutsin-Ma da ƙasar Maradi ta Kurfi, idan malamin allo ya lura cewa wani almajiri ya shekara yana wanke allo bai wuce ƙananan surori ba, alhali kuwa ba ƙiwuya ce ta hana shi ba, sai ya kira mahaifinsa a keɓe, ya yi masa nasiha da a bar yaron da gwargwadon abin da zai yi salla, a kai shi ga sana'a. Hujjar malamai ita ce, a fiƙihu taklifi yana rataye ne da hankali, kula da mai rauni kuwa wajibi ne a wuyan waliyyinsa.

Idan ƙira aka kai shi, maƙeri yakan fara ɗora shi a kan zugazugi, motsi guda yana maimaituwa har hannu ya riƙe abin da ƙwaƙwalwa ta kasa. Wani a ba shi kaba ya koyi tufkar igiya, wani kiwon awaki. Amma abin takaici, wanda ba shi da gata a bara yake ƙarewa.

Daga baya, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci irin waɗannan yara, dokar hana wariya ga naƙasassu kuma ta samu sa hannu a 2019. Yau likita ne ke rubuta takardar tura mutum sashen jiyya ta hanyar sana'a, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, tafiyar da kuɗin motarta kaɗai ya fi ƙarfin manoma da yawa a ƙauyukan Kurfi.