Kaska a Tsakar Gida: Tarihin Turke da Tsintsiya a Ƙasar Karfi

Da zarar ruwan shuka ya sauka a Karfi da ƙauyukanta, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, kaska kan bayyana a jikin shanun huɗa, ta maƙale a hantsa da ƙirji da gindin wutsiya. A yau abin da mai gida ke fara yi shi ne ya aika kasuwa a sayo magani, don an ɗauka cewa yaƙi da kaska aikin kwalba ne. Tarihin wannan yanki bai goyi bayan haka ba. Kaska ta yi kaka-gida a cikin gidaje ne lokacin da noma ya shigo da saniya turke, kuma abin da ya daɗe yana rage mata ƙarfi shi ne tsarin tsakar gida: inda ake ɗaure dabba, yadda ake share wurin, da inda ake kai taki.

Kafin zuwan Turawa, Bahaushen manomi da fartanya da garmar hannu yake noma. A gidansa akwai awaki da tumaki da jaki, mai hali kuma yana da doki, amma shanu galibi suna hannun Fulani a ruga. Bayan girbi sukan sauka a gona su ci kara su bar taki, su wuce. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta ɓullo da shirin haɗa noma da kiwo, inda En'e ke bai wa manomi rancen bijimai biyu da garma. Kudancin Katsina ƙasar auduga ce, ga jirgin ƙasa ya iso Funtua, ga gonar irin auduga a Daudawa, don haka huɗa da shanu ta sami karɓuwa. Shirin bunƙasa noma na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da gundumar Malumfashi, ya ƙara faɗaɗa noman masara, shanun huɗa da na amalanke suka ƙara daraja. Kiwon turke don kasuwa ya biyo baya, sannan satar shanu ta shekarun baya-bayan nan ta sa mutane da yawa suka matso da dabbobinsu dab da ɗakin kwana.

Muhimmancin wannan sauyi yana cikin yadda kaska take rayuwa. Babbar kaskar shanu, mai zanen launi a baya, sau uku take hawa jikin dabba a rayuwarta, kuma kowane karo idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa. Tamatar takan kumbura, ta saki fata, ta lallaɓa ƙarƙashin juji ko ragowar harawa, ta zuba dubban ƙwai a wuri ɗaya. Mafi yawan kwanakinta a ƙasa take yin su. Garken Bafulatani yana tashi ya bar mata ƙwanta a tsohon mashekari, shi kuwa sa na turke a nan yake kwana shekara da shekaru, 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe ba sa tafiya nesa kafin su sami jini. Bakinta dogo ne, yana barin miki, kuma likitocin dabbobi sun daɗe da gano alaƙarta da ciwon kirci, wanda ke ɓata fata ya kwantar da sa a tsakiyar damina, daidai lokacin da ake buƙatarsa a gona. Kaskar kaji kuwa a tsagin bangon akurki take wuni, sai dare ta fito.

Magabata ba su san sunayen ƙwayoyin cuta ba, amma ayyukansu sun dace da wannan rayuwa ta kaska. Da sassafe akan bi jikin dabba da hannu a cire abin da ya maƙale, a jefa a wuta, al'adar da Fulani makiyaya ke yi har gobe. Mata na share tsakar gida kullum, ana zuba toka a turke da akurki, ana yaɓe bango kafin damina, wanda hakan ke toshe tsagi. Da bazara ana kwashe takin turke a mangala a kai gona, abin da ke ɓoye a cikinsa ya tafi can rana ta gasa shi. Kaji da zabi suna tsince wadda ta faɗo, a daji kuma carki na yin nasa aikin a bayan saniya.

Magani ya zo daga baya, kuma daga nesa. A 1893 masu bincike biyu a Amurka, Smith da Kilborne, suka tabbatar da cewa kaska ce ke yaɗa wani zazzaɓin shanu, daga nan manyan gandayen kiwo na Afirka ta Kudu da Ostireliya suka rungumi tsoma shanu a ramin ruwan magani. A Nijeriya, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da aka kafa a 1924 ta fi mayar da hankali ga annobar bushiya, don a wancan lokaci ita ke share garke a mako ɗaya. Ramin tsomawa bai zama abin ƙauye ba. Abin da ya iso hannun manomi shi ne ƙullin gari da kwalba irin su Asuntol da Gammalin, daga baya kuma allura da maganin zubawa a gadon baya, sau da yawa ba tare da malamin dabbobi ya faɗi awo ba.

Wani zai ce magani ya fi sauri, kuma mai shanu huɗu da gona biyu ba shi da lokacin tsintar kaska ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne, idan kaska ta yi yawa babu makawa sai an yi fesa. Sai dai fesa tana kashe ta jikin dabba ne kawai, ta ƙasa tana nan tana jira. Yawan maimaita magani ɗaya da tsarma shi fiye da kima su ne ke sa kaska ta daina jin sa. An ga haka da wata kaska mai taurin kai da aka gano a Kwaddibuwa a 2007, bayan shigo da shanu daga Burazil, wadda ta bazu a Afirka ta Yamma. Sinadarin Gammalin kansa an sa shi cikin jerin haramtattu na duniya a 2009 saboda illarsa ga mutane. Gidan da yara ke wasa a ƙasa kuma ake shanya hatsi ba wurin barbaɗa guba ba ne.

Wani kuma zai ce shanun Bunaji sun saba da kaska, a ƙyale su. Lalle sun fi shanun waje juriya, amma juriyar ba ta hana kirci ba, ba ta hana hantsa lalacewa ba. Akwai kuma gyara ɗaya da ilimin zamani ya yi wa tsohuwar al'ada: kada a murƙushe kaska da yatsa, domin jininta na iya ɗauke da cutar da ke kama mutum. A cire ta a hankali daga gindin bakinta, a ƙone ta, a wanke hannu da sabulu.

Saboda haka, mai gida a Karfi ya nisanta turke daga ɗakin kwana da madafa, ya kwashe taki kafin ruwan farko, ya yanke ciyawar gefen danga, ya yaɓe akurki, ya ware dabbar da ya sayo daga kasuwa har sai ya duba jikinta. Idan buƙatar magani ta taso, ya nemi malamin dabbobi ya faɗa masa irin da awon.