ZARE: Tarihin "NO DISC", da dalilin da ya sa fim ke ƙin yi a injin kallo

1/ Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi tsakanin 2000 da 2015 ya iya karanta kalmomin Turanci guda biyu ko bai taɓa shiga aji ba: NO DISC. Yau tarihinsu zan ba ku, da na ƙanensu "Unsupported File" da ya gaje su. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ni ɗan Gumbin Kure ne, ƙaramar hukumar Maiyama. Abin kallon da ke iso mana ta Jega yake biyowa: daga Kano ko Sakkwato zuwa kasuwar Jega, daga nan a jakar ɗan kasuwa, bayan kabu-kabu, sai ƙauye. Kafin faifai ya zo hannunmu ya sha kwafi, ya sha rana, ya sha hannu. Shi ya sa nake ganin mun fi 'yan birni sanin wanga ciwo.

3/ Da farko kaset ne. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, a kaset ɗin bidiyo ya fito, shekara ɗaya kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi. Kaset na da nasa laulayin: inji ya tauna zare, hoto ya yi ta rawa, murya ta shaƙe. Amma kaset ba ya ƙi. Ko ya tsufa zai nuna maka wani abu, ko da cikin hazo ne.

4/ Faifai ne ya kawo mana gardama. Ko dai ya yi garau, ko ya ce bai san zancen ba.

5/ VCD tsari ne da kamfanonin Philips, Sony, JVC da Matsushita suka amince a kai a 1993. A Turai da Amurka bai yi kasuwa ba. A Asiya ya samu gindin zama, daga can kuma injinan Chana masu araha suka kwararo mana. Matsalar da masu tsarin suka fuskanta ita ce: bidiyon da ba a matse ba, faifan CD guda ba zai ɗauki ko minti biyar nasa ba.

6/ Sai suka yi masa abin da muke yi wa tumatir. Kwando guda na ɗanye in ya zama kauɗa sai ya shige 'yar leda. Sunan wannan busarwar MPEG-1. Da ita faifai ke ɗaukar minti 74 zuwa 80, hoto kuma ɗan ƙarami, ɗigo 352 a kwance, 288 a tsaye. Dalilin da ya sa fim ɗin Indiya mai awa uku ke zuwa faifai uku ke nan, kuma kullum na ukun ne ke ɓacewa a gidan aro.

7/ Ga yadda busarwar take, don a nan sirrin yake. A daƙiƙa guda hotuna 25 ke wucewa. Ba a ajiye su duka. Cikakken hoto sau ɗaya ake ajiye shi a kusan kowane rabin daƙiƙa. Sauran bayani ne kawai: "hannu ya motsa nan, bango yana nan yadda yake." Hoton kuma an yayyanka shi ƙananan murabba'ai.

8/ To in karce ya cinye cikakken hoton nan, injin sai ya ci gaba da ɗora bayanin motsi a kan abin da babu. Shi ne za ku ga fuskar jarumi ta tarwatse ta koma dara-daran kore da ruwan hoda, murya ta yi ƙit-ƙit, can kuma sai komai ya dawo. Sabon cikakken hoto ne ya iso.

9/ Akwai wani abin kuma. Don minti 74 ɗin su samu wuri, an rage wa VCD bayanan gyaran kuskure da faifan kwamfuta ke da su. Wato tun daga haihuwa ba shi da juriyar karce.

10/ A gidan kallo kowa likita ne. A hura wa faifai iska, a goga a riga, a shafa makilin, wani ya ɗan mari injin. Abin mamaki, wasu dabarun suna da tushe. Makilin na ɗan kankare robar ƙasan faifai, ƙaramin karce ya lafa. Gogewa ma daidai ne, in daga tsakiya ka ja zuwa baki. In ka bi zagaye, ka ja karce a kan layin da bayanin ke kwance, ka ƙara ɓarna.

11/ Abin da yawancinmu ba su lura da shi ba: a CD, bayanin yana dab da saman da aka manna hoton 'yan wasa. Karcen ƙasa ana iya lallaɓa shi. Na sama kuwa ya tafi da fim ɗin har abada. Ga shi kowa kifar da faifai yake yi a kan tebur, wai yana kare ƙasan.

12/ Sau da yawa ma laifin ba na faifan ba ne. Ƙurar hunturu ta rufe idon injin. Ko ƙaramin janareta yana ja yana saki, wuta ba ta isa ba. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a Jega da in ka kai mai inji sai ya ce, "Mi yas same shi? Wanga ba ya mutu ba, ido nai ad da ƙura." Auduga da ɗan sifirit, minti biyu, ya karɓi na goro.

13/ DVD ya fito a Japan a 1996, ya ɗauki shekaru kafin ya zama na kowa a wajenmu. Gig 4.7, matsin MPEG-2, hoto 720 da 576. Hasken da ke karanta shi ja ne, na CD kuma ido ba ya ganin sa, don haka injina da yawa fitila biyu gare su a cikin ido guda. Ɗaya na iya mutuwa ta bar ɗaya. In kun tuna injin da ke cin VCD lafiya lau amma ya ga DVD ya ce NO DISC, to ga dalilin.

14/ Sannan aka raba duniya shiyya-shiyya don kare kasuwar kamfanonin fim. Amurka 1. Turai da Gabas ta Tsakiya 2. Mu da Indiya 5. Alhaji ya sayo faifai na asali a Saudiyya, ya sa a injinsa mai tsada, ya ga "Wrong Region". Maƙwabcinsa mai ɗan Chana ya sa, ya yi tsaf, don yawancinsu ba ruwansu da shiyya. Ban san wani wuri da talaka ya yi wa mai kuɗi dariya kamar nan ba.

15/ Hoto ya fito fari da baƙi ko yana birgima? A lokacin Najeriya PAL take amfani da shi, Amurka NTSC. Wani ɗan maɓalli a rimot mai N/P shi ne maganin. An sha ɗaukar talabijin lafiyayye zuwa wurin gyara a kan maɓallin nan.

16/ Sai zamanin "20 in 1". Faifai guda, finafinai ashirin. Ba tsafi ba ne, matsi ne a kan matsi: an mayar da hoton ƙanƙantar na VCD ko ƙasa da haka, an cusa. Kwali na cewa DVD, ido na ganin dusa.

17/ Yanzu mun zo inda na fi son a fahimta. A ƙarshen shekarun 1990 wani Bafaranshe, Jerom Rota, ya farke wata manhajar matsi ta Microsoft, aka samu DivX. A 2001 wasu suka fito da kishiyarta ta kyauta, suka juya sunan: Xvid. Da su fim ɗin DVD sukutum ke komawa meg 700, ya shige CD guda ko filashi.

18/ A yankinmu, yadda na gani, da jami'ar Aliero ta zo a 2006 ne ɗalibai masu laftof suka fara yawo da irin waɗannan finafinan. Injinan DVD masu ramin USB da na memori suka shigo kasuwa. Karce ya ƙare. Aka ce an huta. Ashe sabuwar gardama ce.

19/ Ku ɗauki buhu a kasuwar Aliero. Buhu buhu ne, amma na ciki zai iya zama albasa, zai iya zama tattasai. AVI, MP4, MKV, duk buhuna ne. Abin da ke ciki, wato salon matsin hoto da na murya, shi ake kira kodek. Injin na iya gane buhun, ya nuna maka sunan fim, ya kwance ya tarar da abin da bai iya dafawa ba.

20/ Kwamfuta in ta ga sabon salo sai a sa mata manhaja. Injin DVD kuwa ɗan guntun ƙwaƙwalwa gare shi, galibi na kamfanonin Taiwan irin su MediaTek da Sunplus, kuma abin da aka koya mai a masana'anta shi ke nan iliminsa har ya mutu.

21/ Shi ya sa AVI biyu, dukansu Xvid, ɗaya ya yi ɗaya ya ƙi. Wanda ya matse na biyun ya kunna wasu zaɓuɓɓuka, Qpel ko GMC, masu ɗan ƙara kyan hoto amma su fi ƙarfin yawancin injina. Ko faɗin hoton ya haura 720. Ko wasu haruffa huɗu da ke goshin fayil ɗin sun ce XVID, injin kuma DX50 ya sani. Haruffa huɗu kacal, a hana unguwa guda kallo.

22/ Alamomin ma suna magana. Murya ba hoto: bai san kodek ɗin hoton ba. Hoto ba murya: ta muryar ce, irin su DTS ko AAC. Baki ya riga magana ko magana ta riga baki, kuma tazarar na ƙaruwa: sau da yawa MP3 ce mai sauya nauyi aka cusa a AVI. Fuska ta narke ta daɗe ba ta dawo ba: a Xvid cikakken hoto na iya jinkiri har hotuna 300, wato daƙiƙa 12.

23/ In kuma filashin ne gaba ɗaya bai gani ba, duba yadda aka yi masa fomat. Tsofaffin injina FAT32 suka sani, ba NTFS ba. FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai gig 4.

24/ Waɗanda suka riƙe wannan ilimin su ne masu turi. Yaro da tsohuwar kwamfuta a rumfa, ga Format Factory a buɗe. Tambayarsa ta farko: "A mi za ka kallo, waya ko DVD?" In ƙaramar waya ce, 3GP, hoto 176 da 144, mutum kamar ƙuda. In DVD ne, ya yi maka konbatin zuwa AVI. Ba wanda ya ba su takarda, amma aikin injiniya suke yi.

25/ Gaskiyar da ba daɗi: a rumfunan nan ne kasuwar faifai ta mutu. Fim ya fito a Kano da safe, kafin dare yana memori a Maiyama, furodusa bai ga sisi ba. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da suka rayu da faifai suka watse. Arewa24 ta zo a 2014, Izzar So ya fara a YouTube a 2020, harkar ta koma can. Ina jin tausayin furodusoshi, amma ba zan ɓoye ba, ba don turi ba da rabin abin da muka kalla a ƙauye bai iso mana ba.

26/ Gardamar ba ta ƙare ba, riga ta sauya. H.264 ya fito a 2003, shi ne a yawancin MP4, tsohon DVD bai san shi ba. H.265 ya fito a 2013, shi ne x265 ko HEVC da kuke gani a sunan fim. Talabijin da dikoda masu USB da yawa ba su san shi ba, musamman mai "10bit". iPhone ma da shi yake ɗauka tun 2017. Bidiyon biki ya yi a waya, a sa a talabijin gaban surukai, shiru.

27/ Magani a taƙaice. Buɗe fayil ɗin da VLC ko MediaInfo ka ga abin da ke cikin buhun. Don talabijin ko dikoda: MP4, H.264, murya AAC, HandBrake na yi kyauta. Don tsohon DVD: AVI, Xvid, faɗi kada ya wuce 720, ba Qpel ba GMC, murya MP3 mai tsayayyen nauyi. Sauya sunan fayil daga .mkv zuwa .mp4 ba ya komai. Ka sake rubutun jikin buhu ne kawai.

28/ Abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan: a akwatunan iyayenmu akwai faifan biki, na suna, na saukar Alƙur'ani, na wa'azin malaman da suka rasu, na makaɗan da ba su kai ga YouTube ba. Yawancinsu CD-R ne, irin wanda ake gasawa a kwamfuta. Bayaninsa a jikin wani rini yake, zafi da rana na cinye shi a hankali ko ba a taɓa faifan ba. Sabbin laftof kuma sun daina zuwa da wurin sa faifai.

29/ Ku nemi kwamfuta mai wurin faifai, ko na waje mai USB. In VCD ne, shiga MPEGAV, za ka ga AVSEQ01.DAT. Shi ne bidiyon. Kwafe shi, VLC zai buɗe. In DVD ne, kwafe VIDEO_TS gaba ɗaya, kada ka tsinci ɗaya ka bar saura. In kwafin ya maƙale a tsakiya, goge faifan daga tsakiya zuwa baki, ka gwada a wata kwamfutar, don wani idon ya fi wani gani.

30/ Ajiye na asalin yadda yake, wuri biyu, kafin ka yi konbatin. In za ka tura wa dangi a WhatsApp, tura shi a matsayin dokumen. In ka tura a matsayin bidiyo zai sake matse shi, fuskar kakarka da ke da ɗigo 352 ta ƙara raguwa.

31/ 'Yan Jega, Aliero da Maiyama: wa ya san rumfar da har yanzu ke da kwamfuta mai karanta faifai? Ku faɗa a ƙasa, akwai masu nema.