Tarihin Neman Diyyar Inshorar Wayar Salula

Inshorar wayar salula yarjejeniya ce wadda mai waya yake biyan wani ƙayyadajjen kuɗi duk wata ko duk shekara, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin gyara wayar ko musanya ta idan tsautsayi ya afka mata, kamar ta suɓuce ta faɗi gilashinta ya fashe, ko ruwa ya shige ta. Ta bambanta da garanti, wato lamunin da maƙerin waya yake bayarwa game da aibin da ta fito da shi daga masana'anta, domin garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da ta auku a hannun mai ita. Ko da yake wannan nau'in inshora bai daɗe ba, sharuɗɗan da mutum yake tararwa ranar neman diyya sun girmi wayar da ɗaruruwan shekaru, kuma da yawa daga cikinsu sun samo asali ne daga rigingimun da aka taɓa yi tsakanin mai dukiya da wanda ya lamunce masa, har kotu ta raba gardama.

Tushen sana'ar yana wurin fataken teku na biranen Italiya, inda ɗaya daga cikin tsofaffin takardun inshora da suka wanzu take ɗauke da kwanan watan shekarar 1347, an kuwa rubuta ta ne a Genoa domin wani jirgin ruwa da ya nufi tsibirin Majorca. Daga can al'adar ta isa Landan, inda wajen shekarar 1688 shagon shan gahawa na Edward Lloyd ya zama matattarar masu jirage da attajirai, kowane attajiri yana sa hannu a ƙasan takarda tare da rubuta kason asarar da ya yarda ya ɗauka. Gobarar Landan ta 1666, wadda ta cinye gidaje fiye da 13,000, ita ta fitar da inshora daga teku zuwa tudu, domin a farkon shekarun 1680 Nicholas Barbon ya kafa ofishin lamunin gidaje daga gobara. A duk waɗannan matakai matsala ɗaya ce take maimaituwa: wanda ya lamunci dukiya ba ya tare da ita, bai ga yadda ta salwanta ba, saboda haka dole ya dogara da bakin mai ita.

Wannan dogaro shi ya haifar da sharaɗi na farko, wato cikakkiyar gaskiya daga ɓangarorin biyu. An kafa shi a shari'ar Carter da Boehm ta 1766, wadda ta taso bayan Faransawa sun ƙwace ganuwar Marlborough da ke tsibirin Sumatra a 1760. An yi wa ganuwar inshora a madadin gwamnanta, amma mai lamunin ya ƙi biya bisa hujjar cewa an ɓoye masa rauninta. Alƙali Lord Mansfield ya bayyana cewa inshora ciniki ne a kan abin da bai auku ba, don haka bai halatta ɗayan ɓangarorin ya ɓoye abin da shi kaɗai ya sani domin ya jawo ɗan'uwansa cikin yarjejeniya ba. Abin lura shi ne hukuncin ya faɗa a kan mai lamunin, saboda alƙalin ya ga cewa halin da ake ciki na yaƙi sananne ne gare shi, kuma wanda ya karɓi kuɗi bai yi tambaya ba, ba shi da damar fakewa da rashin sani bayan asara ta auku. Daga nan aka gaji tambayoyin da ake yi wa mai waya a yau: yaushe ta lalace, a ina, ta yaya, kuma lafiyarta ƙalau ranar da aka yi mata rajista? A Birtaniya dokar inshora ta 2015 ta tabbatar da tsohuwar ƙa'idar cewa wanda ya cusa ƙarya a cikin neman diyya yana iya rasa diyyar baki ɗaya, har da ɓangaren da yake da gaskiya a kansa.

Sharaɗi na biyu shi ne cewa diyya mayar da asara ce, ba hanyar cin riba ba. Shari'ar Castellain da Preston ta 1883 ta fayyace wannan, inda wani gida a Liverpool ya yi gobara bayan an ƙulla cinikinsa, masu sayarwa suka karɓi diyya daga kamfani, sannan mai saye ya biya su cikakken kuɗin gidan, kotu kuwa ta umarce su da su mayar da diyyar tunda ba su yi asarar komai ba. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni da yawa suke ba mai waya wadda aka sabunta maimakon sabuwa fil daga kwali, kuma suke karɓe wadda ta lalace idan sun musanya ta. Haka nan kason da ake ɗora wa mai waya ya biya daga aljihunsa a duk lokacin da ya nemi diyya yana da kakanni a teku, domin a 1749 masu lamunin Landan sun ƙara wani sakin layi a takardunsu wanda ya cire ƙananan asarori, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari a kan kaya irin su sukari da taba, da ƙasa da kashi 3 a kan sauran kaya. Hikimar ita ce rage yawan ƙananan ƙorafe-ƙorafe waɗanda bincikensu ya fi ƙimarsu tsada, tare da barin mai dukiya da wani abin da zai rasa idan ya yi sake.

Tsautsayi a matsayin abin da ake yi wa inshora shi kansa ya shigo ne a ƙarni na 19, lokacin da haɗurran jirgin ƙasa suka sa aka kafa kamfanin lamunin fasinjoji a Ingila a 1849, ana sayar da inshorar tare da tikitin tafiya. Bayan an soke harajin gilashi a 1845 kuma shaguna suka fara sa manyan gilasai a fuskokinsu, sai a shekarun 1850 aka sami kamfanonin da aikinsu shi ne lamunin fashewar gilashi, waɗanda sau da yawa suke aiko mai gyara ya sa sabo maimakon su ba da kuɗi. Tambayar da ta fi wahalar da kotuna ita ce inda tsautsayi ya ƙare da inda laifin mai kaya ya fara. A shari'ar Harris da Poland ta 1941, wata mata ta ɓoye kayan adonta da kuɗinta a cikin murhun ɗumama ɗaki saboda tsoron ɓarayi, ta manta ta kunna wuta a kansu, amma kotu ta ce a biya ta, domin mantuwa ba ganganci ba ce. A 1967 kuma, cikin shari'ar Fraser da Furman, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta fassara sharaɗin kula da kaya da cewa ba ya hana diyya sai an nuna mutum ya ga haɗarin ƙuru-ƙuru ya yi biris da shi. Ma'anar wannan ga mai waya babba ce, domin da a ce kowane ɗan sakaci yana soke diyya, da inshorar ba ta da amfani, tunda yawancin wayoyin da suke faɗuwa daga hannun masu su suke faɗuwa.

Wayar salula ta shigo wannan tsari da siffofin da suka sa ta zama abin lamuni na musamman: tana da tsada, ba ta da girma, kuma ba ta rabuwa da jikin mai ita. Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu a New York ranar 3 ga Afrilu, 1973, kuma wadda kamfanin ya fitar bayan shekara goma, DynaTAC 8000X, an sa mata farashin dala 3,995. A Turai da Amurka, inda aka saba karɓar waya bisa kwangilar shekara ɗaya ko biyu ana biya wata-wata, wanda wayarsa ta lalace yana ci gaba da biyan kuɗin abin da ba ya amfani da shi, wannan kuwa ya buɗe kasuwar sayar da inshora a kan kantar shagon waya. Fitowar iPhone a 2007 ta mayar da fuskar waya gaba ɗaya gilashi, sannan a 2011 kamfanin Apple ya fito da AppleCare+, wanda a Amurka ya lamunci ɓarnar tsautsayi sau biyu, mai waya yana biyan dala 49 kowane karo. Hujjoji ma sun sauya kama, domin kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15 wadda ake gani idan aka danna *#06#, da ita ake tabbatar da cewa wayar da aka kawo ita ce aka yi wa rajista, kuma wayoyi da yawa suna da ɗan tambari a ciki wanda yake rikiɗewa ja idan ruwa ya taɓa shi.

Sayar da inshora a gaggauce a kan kanta ya zo da nasa zaluncin. A 2013 hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya, FCA, ta binciki wannan kasuwa ta gano sharuɗɗa masu harshen damo, da jinkirin biya, da ƙin biyan diyya bisa dalilai marasa ƙarfi. A 2019 ta ci tarar kamfanin Carphone Warehouse fiye da fam miliyan 29 saboda sayar wa mutane inshorar waya ba bisa ƙa'ida ba, har da waɗanda tuni suke da lamuni ta hanyar asusun bankinsu ko inshorar gidansu. Tsarin ƙasar ya ba kamfani mako takwas ya amsa ƙorafi, bayan haka mai ƙorafi yana iya kai kukansa ga ofishin sasanta rikicin kuɗi kyauta.

A ƙasashen Musulmi tarihin ya bi wata hanya dabam, saboda malamai sun ga kuɗin ruwa da garari a cikin inshorar kasuwanci, garari kuwa shi ne jahiltar abin da za a samu a madadin abin da aka biya. Malamin Hanafiyya Ibnu Abidin, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1836, yana cikin na farko da suka tattauna lamunin jiragen ruwa da fataken Turai suke yi. Mafitar da aka samu ita ce takaful, inda mahalarta suke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, kamfani yana zama wakili mai kula da shi. An kafa kamfanin farko a Sudan a 1979, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da tsarin a 1985. A Nijeriya, inda kamfanin Royal Exchange ya buɗe reshe a Legas a 1921, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, da aka kafa a 1997, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Sai dai tun da layukan GSM suka fara aiki a 2001, yawancin masu waya suna sayen ta ne da kuɗi hannu, kuma idan gilashi ya fashe kasuwar Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja suke nufa, inda mai gyara yake canza shi nan take.

Wannan tarihi ya nuna cewa rasit da lambar IMEI da bayanin gaskiya da ake nema daga mai waya haƙƙi ne na sauran masu zuba kuɗi, domin daga aljihunsu ake biyan maƙaryaci. Ya kuma nuna cewa wajibcin gaskiya tun 1766 yana kan kamfani kamar yadda yake kan mai dukiya, don haka sharaɗin da aka binne cikin ƙananan haruffa ko aka rubuta da harshen da mai saye ba ya ji saɓa wa asalin sana'ar ne. Duk kamfanin inshora ko na takaful da yake son masu waya a Kano ko Maraɗi su amince da shi, wajibi ne ya bayyana sharuɗɗansa da Hausa kafin ya karɓi kuɗi, ya kuma biya diyya cikin hanzarin da zai iya gogayya da mai gyaran kasuwa.